Maganin da Ba Shi da Kwali

Wayyo Zinariya! A tsakar gida ta durƙusa tana tsintar ƙwayoyin magani cikin toka, hawaye na zuba, ga tarin Baffa Rabo na tashi daga ɗaki kamar ƙirjinsa zai tsage. Shi ya riƙe ta tun iyayenta suka rasu, shi ya kai ta makaranta har ta samu aiki a ɗan asibitin Birchi a shekarar 1984. Da tarin fuka ya kama shi, ita ke kawo masa magani ɗan Indiya da ake aiko musu a manyan gwangwanaye. Takan ƙulle shi a takarda, ta ja layi ɗaya alamar a sha kowace safiya, tunda Baffa bai yi boko ba. Yana sha yana sa mata albarka, har gaban baƙi yakan ce, “Zinariya ce 'yata!”

Wannan kalma ita ta hana Rabi sukuni. Ita ce 'yar cikinsa, mijinta Ilu yana da kemis a Dutsin-Ma, amma ba ta taɓa jin an yabe ta haka ba. Kishi ya ci ta ya cinye, wallahi ko sunan yarinyar ba ta son ji.

“Yaya Rabi, me ya sa kika watsa shi a murhu? Saura wata huɗu ya gama fa!”

“Rufe mini baki, munafuka! Maganin da ba kwali ba hoto? Ilu ya ce kwaikwayo ne, na Turawa aka sata. So kike ki kashe mini uba a ce ke ce mai jinya!”

Rabi ba ta tsaya nan ba. Ta bi gida gida tana cewa alli marainiya ke ba mutane, har Maigari ya hana Zinariya shiga asibitin, ga shi ita kaɗai ce ma'aikaciya, dangi kuma suka kora ta Wurma wajen wata gwaggo. Allah sarki... tana tafe tana waiwaye tana kuka: “Ya Allah, ka san ban cuci kowa ba. Ka raya mini Baffa, ni ko an wanke ni ko ba a wanke ni ba!”

Rabi ta kawo na kemis a kwali mai ƙyalli, ta ajiye inda kowa zai gani. To amma ina! Ɗan karen tsada gare shi, ko Ilu bai yarda ya ba surukinsa fiye da na kwana goma ba. Ya ƙare, aka yi shiru. Kafin damina ta yi nisa Baffa ya fara tofar da jini, ya rame ya zama abin tausayi, yana kiran Zinariya ba ƙarfin murya.

Ranar wata Laraba Malam Obadiya, jami'in magunguna mai zagayen ƙauyuka, ya tarar da asibiti a kulle. Da ya ji dalili ya tara jama'a a ƙofar Maigari, kwalin da Rabi ta kawo a hannun dama, ƙunshin takarda a hagu.

“Ranka ya daɗe, magani ɗaya ne! Kamfanin Turai ya riƙe haƙƙin nasa, shi ya sa yake tsada. Dokar Indiya kuwa ta yarda a haɗa irinsa ta wata hanya don talaka ya samu. Ba sata ba ne.” Sai ya juya kwalin ya duba, ya zaro ido. “Wannan ma ya lalace tun bara! Wa ya sayar da shi?”

Rabi ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Aka garƙame kemis ɗin Ilu, aka tafi da shi. Maigari da kansa ya aika aka ɗauko Zinariya a mota, mata na ba ta haƙuri suna kuka. Baffa ya koma shan na takarda, da kaka sai ga shi a gona yana yankan gero!

Rabi fa? A jinyar nan ta kwashi tarin. Wata safiya ta shiga layin asibiti lulluɓe da mayafi, ta kasa ɗaga ido.

“Zinariya... na cuce ki. Kishi ne. Ki yafe mini.”

Zinariya ta share hawaye, ta ƙulle ƙwayoyin a takarda, ta ja layi ɗaya.

“Na yafe tuni, Yaya. Ba shi da kwali, amma don Allah kada ki tsallake ko rana ɗaya.”