Rabin Hoton Matar Tsamiya

Ku matso. Hambali, kashe wayar nan, haske na jawo su.

Kun san Ilu mai hoto? Wanda ke sa silifa ɗaya ja ɗaya kore, kuna binsa da dariya? Daga yau kun daina.

Kyamararsa mai ido biyu ce. A kan ciki ake tokare ta, a sunkuya a leƙa ta sama kamar mai duba miya. Fim ɗinsa kuwa baƙi da fari, na araha, wanda kwanansa ya ƙare. Hoto sha biyu yake ci, shi ke nan.

Ran nan ya taso daga suna a ƙauye. Rana tsaka. Fim ya cika. Yana isa tsamiyar hanyar rafi, sarƙar keke ta zame.

"Mai hoto."

Mace ce. Mayafi har ƙasa, ƙwarya a hannun dama. Bakinta bai motsa ba.

"Ɗauke ni."

Masu hoto suna da wata mugunta. In fim ya cika aka dame su, sai su danna a banza, ƙyat, su ce an ɗauka. Ilu kuwa uban 'yan wannan ne.

"Gyara tsayuwa, Hajiya."

Ya sunkuya. Gilashin kyamarar nan juya abu yake, dama ta koma hagu. Tsamiya ta juya. Keke ya juya. Ita ba ta juya ba. Ƙwarya na nan inda take.

Iska ta ɗan ɗaga mayafi. Kofato. Irin na jaki.

Talatu, sakar min riga mana.

Yatsa ya riga ya danna. Ƙyat.

"Ka ɗauka?"

"Na... na ɗauka."

"Ka kawo min nan kafin Juma'a. In babu hoto, idon da ya kalle ni nawa ne."

A kafaɗa Ilu ya kawo keke gida.

Ya shige ɗakin duhu, ya wanke fim. Ya ɗaga yana dubawa. Mai jego. Rago. Wanzami. Har sha biyu, babu ita. Ya shafa idonsa, kamar mai sallama da shi.

Sai can a wutsiyar fim, inda ba a ɗaukar komai. Ga ta. Amma fim na araha gajere suke yanka shi. Rabin fuska ya samu. Ido ɗaya, yana kallonsa.

Haka ya buga a takarda ya koma. Ba tsuntsu, ba iska. Tana tsaye kamar ba ta taɓa tafiya ba.

Ta daɗe tana duba hoton.

"Rabi ka ba ni."

"Fim ɗin ne, ranki ya daɗe. Na araha ne."

"To. Ni ma rabi zan ɗauka."

Ta hura masa iska a fuska. Sanyi kamar ruwan randa.

Ya buɗe ido. Yana gani sarai. Amma ganyen tsamiya toka-toka. Jan kekensa baƙi. Har yau Ilu bai sake ganin launi ba. Tumatur ma sai ya latsa yake sanin ya nuna.

Don haka hanyar rafi da rana tsaka, kada wanda ya bi ta shi kaɗai. In kuma an ce muku "ɗauke ni", ku fara duba ƙafa.

Hambali, kar ka juya. Wannan da ke tsaye bayanka, tare kuka zo?