Dalar Tasalla

Iskar farkon damina ce ta ɗage kwanon ɗakin marigayiya Tasalla, a gidan Malam Rufa'i da ke Dangora. Ko shekara ba a yi da rasuwarta ba, Allah ya jiƙanta, kuma har lokacin ba wanda ya iya taɓa kayan ɗakin. Aka kira wani kafinta daga Ƙofa, sunansa Sha'aibu.

Lubabatu, 'yar marigayiyar, ita ta kai masa kunun tsamiya. Ta tarar ya sauko daga tsani yana juya wani abu baƙi a tafin hannunsa.

"Sannu da aiki. Ga kunu."

"Yawwa, sannu. Don Allah ki tambayar mini Baba ko zai bar mini wannan."

Ta leƙa. Tsohon kwabo ne mai huji a tsakiya.

"Wannan da ko gishiri ba zai saya ba?"

"A ƙarƙashin ƙusa na same shi. Da aka canja kuɗi, da irinsa kafintocin lokacin suke toshe kan ƙusa kada ruwa ya bi. Ni kuma tara su nake yi."

"Ka yi me da su?"

"In kalla."

Dariya ta kuɓuce mata, ta rufe baki da mayafi. Rabonta da dariya tun ranar da aka fita da Innarta. Sha'aibu bai san haka ba, shi dai ya tsaya yana kallonta har kunun ya huce.

Da aikin ya ƙare sai ya fara zuwa zance bayan la'asar, a kan babur ɗinsa. Wani lokaci yakan zo da gwangwanin madara cike da tsoffin kuɗi, ya juye mata a tabarma. Ga anini, ga ɗari, wato rabin kwabo, ga taro mai kusurwoyi, ga sisi da sule. Kowanne da labarinsa. Sisin wata tsohuwa ce ta ba shi a Tudun Wada saboda ya gyara mata ƙofa. Aninin kuwa a jikin igiyar akuya ya gan shi a kasuwar Ƙafin Maiyaki, sai da ya bi mai akuyar har bakin tasha yana roƙo.

Daga nan ya sa mata suna. Ya turo mata saƙo:

"Aninina, kin tashi lafiya?"

Ta mayar masa: "Duk kuɗin duniya sai mafi ƙanƙanta ka ga ya dace da ni?"

"Shi na fi shan wahala kafin in samu."

Wata rana ya ce abu ɗaya ne bai taɓa riƙewa ba, dalar azurfa mai kan mace, irin wadda matan Fulani suke ratayawa. Lubabatu ta tashi ta shiga gida. Ta fito da irin dalar a ƙulle cikin tsumma.

"Ta Innata ce. Ita ma kakarta ce ta ba ta. In tana cikin damuwa haka take zama tana murza ta. Har a gadon asibiti tana hannunta."

Sha'aibu ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa. Dalar ta yi baƙi, gefe ɗaya na fuskar matar ya shafe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar mata.

"Ki adana ta, Luba."

Akwai Muzammil, ɗan wan babanta, mai sayar da kayan babur a Ƙafin Maiyaki. Ya jima yana sonta, ita kuwa Yaya kawai take ce masa. Shi ya sami Malam Rufa'i a gona.

"Baffa, ka san masu bin gari suna neman tsoffin kuɗi? Wasu 'yan damfara ne, wasu kuma wajen boka suke kai wa. Yaron nan dalar Inna yake so. Ranar da ta shiga hannunsa ba za ku sake ganin ƙeyarsa ba."

Malam Rufa'i ba mai faɗa ba ne, amma tun rasuwar matarsa duk abin da ya shafi kayanta yana taɓa shi. Ya kira 'yarsa.

"Kin nuna masa?"

"Na nuna masa, Baba."

"To ki gaya masa ya dakata da zuwa. Saurayi mai sana'a a hannu, me zai yi da kuɗin da ba sa ci? Ban gane masa ba."

Ta ce to. Ta shiga ɗakin Innarta ta zauna. Abin da ya fi damunta shi ne ita ma ta tuna yadda idon Sha'aibu ya yi da ya riƙe dalar. Bai taɓa yi mata irin wannan dogon kallon ba, ko kuwa ya yi ba ta lura ba?

Ta kwana biyu tana juya abin, sannan ta yanke shawara. Za ta aika masa da dalar. In dalar yake so, ya riƙe, ta huta da zullumi. Amma Tasalla ba ta taɓa barin kwano ya fita daga gidanta da datti ba, haka ta tarbiyyantar da 'yarta. Lubabatu ta ɗebo toka, ta yanka lemon tsami, ta zauna a bakin rariya ta dirje dalar kamar yadda ake dirje tasa, har ta yi fari tana ɗaukar ido. Ta ba Inna Turai, ƙanwar mahaifiyarta, da za ta biki Ƙofa, ta kai wa Sha'aibu.

Da yamma saƙo ya shigo:

"Wa ya wanke ta?"

"Ni ce. Ba ta yi kyau ba?"

Bai amsa ba. Washegari ma shiru. Mako ya zagayo babu kira, babu saƙo. Muzammil ya riƙa shigowa gaida Baffa da ledar lemo, yana cewa, "Ƙanwata, ina kafintanmu? Ko ƙusa ta ƙare?"

Lubabatu ta rame. Ga saurayi ya tafi, ga abin Innarta ya tafi, kuma da hannunta ta bayar. Da babanta ya tambaye ta ina dalar, ba ta ɓoye ba. Bai yi mata faɗa ba, ya ce, "Allah ya sa iyakar asarar ke nan." Wannan ya fi mata duka ciwo.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka yi sallama. Sha'aibu ne da kawunsa, Malam Shitu. Aka shimfiɗa musu tabarma a soro. Lubabatu da Inna Turai suka tsaya a bayan ƙofa.

Bayan gaisuwa Sha'aibu ya durƙusa, ya ajiye dalar a gaban Malam Rufa'i, ya ajiye gwangwaninsa kusa da ita.

"Baba, ga amanarku. Na rasa yadda zan yi ne. In na riƙe, maganar da ake yi a kaina ta tabbata. In na ba wani ya kawo, Lubabatu za ta ce ita na mayar. Shi ya sa na jira Kawu ya dawo daga Doguwa mu zo tare. Wannan kuma shi ne duk abin da na tara. A duba, in akwai abin da bai dace ba a ciki, a zubar."

Malam Rufa'i ya ɗauki dalar ya juya ta.

"Wannan ba ta Tasalla ba ce. Tata baƙa ce."

"Ita ce, Baba. Wanke ta aka yi. Mu masu tarawa ba ma wankewa, domin baƙin nan hannun mutanen da suka riƙe ne. Laifina ne, ban taɓa gaya mata ba. Da na buɗe na gani sai na ji kamar ni na sa ta goge hannun mahaifiyarta. Na ji ciwo, na kasa rubuta komai."

A bayan ƙofa Lubabatu ta dafe bango. Sai yanzu ta gane abin da ta yi. Kukan da take dannewa ya fito, har aka ji a soro.

"Shigo, Lubabatu," in ji babanta.

Ta shigo ta durƙusa, fuska a rufe.

"Baba, na goge ta. Ban sani ba."

Sha'aibu ya ce, "Baba, a ba ni izini in nuna mata wani abu." Ya nuna gefen fuskar matar da ya shafe. "Kin ga nan? Ba datti ba ne, azurfar ce ta cinye. Babban yatsan Inna ne ya yi wannan. Toka ba ta isa ta cire shi ba."

Malam Rufa'i ya karɓa ya ɗora nasa yatsan a wurin. Hawaye suka bi gemunsa. Malam Shitu ya sunkuyar da kai.

"Haka take yi," in ji Malam Rufa'i a hankali. "In na yi dare a gona, haka zan tarar da ita." Ya share fuska, ya tura wa Sha'aibu gwangwaninsa. "Ɗauki kayanka, yaro. Na zarge ka a kan maganar da ban bincika ba, ka yafe mini. Malam Shitu, ku turo manya."

Bayan an yi girbin masara aka ɗaura aure a ƙofar gidan. Muzammil ya zo, har ya taya raba goro, ko da yake bai tsaya cin abinci ba. Da za a tafi da amarya Malam Rufa'i ya kira ango gefe ya sa masa dalar a hannu.

"Ka ce ba ka taɓa samun irinta ba. Ga ta."

Sha'aibu bai sa ta a gwangwani ba. Da safe ya zura mata zare, ya rataya wa amaryarsa a wuya.

"Ba za ka haɗa ta da sauran ba?"

"A'a. Ki riƙa taɓa ta kullum har ta sake yin baƙi."

"Wannan ai sai mun tsufa."

"Ina da inda za ni ne?"

Ta yi murmushi, ta kai hannu ta riƙe dalar.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka. Tasalla kuma, da ba ta ga wannan rana ba, Allah ya haskaka kabarinta, ya kai mata labari mai daɗi. Amin.