Ragar Da Aka Tsinta Bayan Tantin Haddu

Ranar Talata da hantsi Si Lahsan ya shigo caji ofis, raga a kafaɗa, kwando a hannu. Shi ne mai gadin tafkin Amalu shekara talatin ke nan, kuma a garinmu na kan duwatsun Atlas babu mai ja da shi a zancen kifi.

Ya juye kwandon a teburin Sufeto Bassu. Kifin turut ne guda ashirin, mai ɗigo-ɗigon nan da ba ya rayuwa sai a ruwan sanyi. Babu wanda ya wuce tsawon tafin hannu.

"Dubi yadda tafkina ya koma, ɗana," in ji tsohon. "Da can guda ɗaya ke cika tukunyar tajin. Ana kwashe manyan da raga. Ga ragar nan, a bayan tantin Haddu makiyayi na tsince ta."

Sufeto bai yi tambaya ko ɗaya ba. Wannan tsohon ne ya koya masa ɗaura ƙugiya, kuma har yau Baba yake ce masa. Kafin azahar Haddu yana bayan kanta. Kafin la'asar hakimi ya hana kowace dabba kusantar tafkin sai an gama shari'a. Watan Agusta ne, kuma tumakin Haddu ɗari uku ba su da wani ruwan sha kusa sai wannan.

"Ragar wane ne?" Sufeto ya tambayi Haddu.

"Allah ne masani, ranka ya daɗe. Ni ko cin kifi ba na yi, ƙarninsa tayar mini da zuciya yake."

"To ina manyan suka tafi? Aikin Hajji?"

Haddu ya leƙa kwandon, ya girgiza kai.

"Waɗannan ba sata ce ta same su ba, yunwa ce. Dubi kai ƙato, jiki kamar tsinke. Ka zuba tumaki dubu a makiyayar ɗari, haka za su fito maka."

"Yau kuma makiyayi ne zai koya mana kifi?"

Kurata suka kwashe da dariya, Sufeto ma ya taya su. A cikin duk abin da ya faru, wannan dariyar ce ta fi ci masa rai daga baya.

"Ni ku riƙe ni," in ji Haddu. "Amma a bar dabbobin su sha ruwa."



Washegari Sufeto ya ɗauki kwandon ya nufi gidan ƙyanƙyasar kifi, don kotu tana son rahoton masana a rubuce. Jami'ar wurin, Lalla Itto, ba ta da yawan magana. Ta jera kifin a kan tire, tana juya su ɗaya bayan ɗaya.

"Biyar ne namu," ta ce.

"Ta yaya kika sani?"

"Duk wanda muka saka a tafkin sai mun yanke masa ɗan fiffiken nan na kusa da wutsiya. Sha biyar ɗin nan nasu na nan."

"Ƙila a tafkin aka haife su."

"Turut ba ya haihuwa a Amalu, Sufeto. Sai da rafi mai gudu da tsakuwa, can kuwa babu. Wani ne ke zuba su."

"In an ƙara kifi, ai alheri ne."

Ta dube shi kamar yadda malama ke duban ɗalibin da bai yi bita ba.

"Abincin tafkin na kifi dubu uku ne a shekara. Ka zuba ninki huɗu, kowa ya ci kwata, babu mai girma. Wannan da kake gani shekararsa uku. Na faɗa wa ƙungiyar masu fatsa haka tun shekara uku da suka wuce, lokacin da na rage adadin."

"Me suka ce?"

"Si Lahsan ya ce tafki ba tukunyar miya ba ce da za a auna masa da cokali. Ya ce in koma in tambayi uwata. Mutum arba'in suka yi dariya."

Sufeto ya sunkuyar da kai, don ya tuna tasa dariyar ta jiya.

Da ya koma ofis ya sa aka shimfiɗa ragar a tsakar gida. A bushe take ƙayau, ba gansakuka, ba ƙarni. Ya bi 'yan toto-toton da ke sa ta yawo a saman ruwa yana dubawa. An kankare su duka da wuƙa, amma a jikin guda ɗaya jan fenti ya maƙale.

Ya san fentin. Duk ragar da hukuma ta ƙwace, jan fenti ake shafa mata a ajiye a ɗakin ajiyar mai gadi. Makullin ɗakin kuwa ɗaya ne tak a duniya.

Sufeto ya daɗe a tsugune. Ya so ƙwarai a ce bai gani ba.

Ranar Alhamis ya hau zuwa wurin Mimun, mijin 'yar Si Lahsan, wanda shi kaɗai ke da kududdufin kiwon turut a yankin.

"Wa kake sayar wa 'ya'yan kifi?"

"'Ya'ya? Ni manya nake kai wa otal-otal, ranka ya daɗe."

"To waɗancan garewanin madara fa, masu huji a murfi? Ban ga saniya a gidan nan ba."

Mimun ya fara sosa ƙeya.

"Na maƙwabci ne."

"Sai mu je mu gai da maƙwabcin."

"Haba Sufeto, surukina ne fa! In ya ce in loda wa alfadari garwa, cewa zan yi a'a? Duk kaka yake zuwa. Shekara uku ke nan."

A gidan shayin bakin kasuwa ya sami Si Lahsan, zaune ƙarƙashin tsohon hotonsa da ya rungumo turut mai tsawon hannun mutum. Sufeto bai zauna ba. Ya ajiye toton mai jan fenti kusa da kofin shayin.

"Baba, ɗakin ajiyarka raga nawa ke ciki?"

"An fasa shi cikin hunturu. Na manta ban kawo rahoto ba."

"Na biya ta can. Kwadon ya yi tsatsa, babu wanda ya taɓa shi sai mai makulli. Daga wurin Mimun nake."

Tsohon ya ɗauki kofin, ya mayar bai kurɓa ba.

"So na yi in nuna wa Lalla Itto," ya ce da ƙyar. "Na ce bari in cika tafkin, kifi ya yi yawa, kowa ya ga yarinyar nan ba ta san komai ba. Shekarar farko suka rage girma, na ce sanyi ne, na ƙara. Ta biyu na gane. Wallahi na gane. Amma da wane baki zan tsaya gaban mutum arba'in in ce ita ce da gaskiya?"

"Shi ne ka ɗora wa Haddu? Me ya yi maka?"

"Bai yi mini komai ba." Ya ɗago ido a karon farko. "Na duba ne na ga wanda in an kama shi babu mai tambaya. Kai ma ai ba ka tambaya ba, ɗana."

Da marinsa ya yi da ya fi wa Sufeto sauƙi. Daga nan ya buga waya ofis ya ce a saki Haddu yanzu-yanzu, a kuma sanar da hakimi a buɗe wa dabbobi ruwa.

Sai da aka gama rubuta bayanin tsohon, bayan la'asar, aka fito da shi za a kai shi babban ofis na birni.

"Alfarma ɗaya," in ji Si Lahsan a bakin mota. "Kada a bi da ni ta kasuwa."

Sufeto ya yi masa wannan. Suka bi ta hanyar baya, wadda ke zagaye tafkin.

Ba su yi nisa ba direba ya taka birki. Garken Haddu ne ya cika hanya, yana gangarawa ruwa. Kwana biyu matarsa tana kora su zuwa wata rijiya mai nisan rabin yini, goma sha ɗaya sun faɗi a hanya ba su tashi ba. Waɗanda suka rage suna tafe suna layi, harsuna a waje.

Si Lahsan ya jawo hular jallabiyarsa ya rufe fuska.

Haddu ya matso jikin motar da sandarsa. Sufeto ya sauke gilashi. Tun daga ofis yake shirya kalmomin ban haƙuri, amma ko ɗaya ta ƙi fitowa.

Makiyayin ya dubi tsohon da ya ɓoye fuska, ya dubi Sufeto.

"Kada a yi musu hon, ranka ya daɗe," ya ce. "Ba su da ƙarfin gudu."

Direba ya kashe mota. Suka zauna a nan, babu mai duban ɗan'uwansa, har tunkiya ta ƙarshe ta tsallake.