Kaset Mai Jan Zare

Gab da magariba Mamuda ya baro Aliero a kan babur, matarsa Raihanatu a baya, za su koma Jega. Sana'arsa ɗaukar waƙa a kaset, kuma mutum ne da ko masallaci za shi sai ya rataya rikoda a wuya. Ranar ma ya rataya.

Sabuwar waƙar da ya samu ta zautar da shi, tsohuwa ce ta baƙaƙen Amurka. Ko kalma bai ji, amma ya san ta ciki da bai. Yana tuƙi yana yi wa Raihanatu bayani: ga molon nan mai kauri yana tafiya a hankali, ga mai ganga yana shafar fata kamar shara, ga matar da dusasshiyar murya tana biyo kiɗan a baya, ba ta taɓa cim masa. In ta ajiye baiti, ƙaho ya amsa mata. A tsakiya kowa yakan yi tsit, ta ja numfashi ita kaɗai.

Waƙar da ke tashi daga rikodar ta iso daidai wurin. Kiɗa ya ɗauke.

Numfashi biyu aka ja.

Warin albasa daga gonaki ya ɓace, wani ƙauri ya taso kamar an ƙona gashi.

"Mamuda," in ji Raihanatu a hankali, "wanga kaset, ina ka ɗauko shi?"

Ya ce sababbin sun ƙare masa, sai ya ga wani cikin adakarta, ya toshe hujin hana shafewa da takarda ya ɗora waƙar a kai.

"Mai jan zare?"

"Shi na."

Sai lokacin ya tuna. Kafin aurensu aljani ya daɗe a jikinta. Wani malami a Maiyama ya sa shi rantsuwar barin ta, ya ɗauki rantsuwar a kaset, ya ɗaure shi da jan zare, ya ce a adana. Ita Mamuda ya shafe.

Ya kashe rikodar. Ya zare batiran ya jefar.

Waƙar ta ci gaba, daga bayan kunnensa.

Hannayen da ke riƙe da ƙugunsa suka yi nauyi. Suka fara matsewa. Haƙarƙarinsa ya yi ƙara. Ya nemi addu'a, harshe ya ƙi.

"Kai ka kwance ni," in ji wata murya a bakin matarsa. "Na gode."

Babur ya ƙwace ya faɗa kunyar albasa. Manoma masu komawa gida suka ɓamɓare shi daga hannunta da ƙyar, su huɗu.

Malamin ya gwada har ya gaji. Ya ce sai aljanin ya yi magana ake ɗaure shi da rantsuwa, wannan kuwa ya daina magana, waƙa kawai yake yi.

Mamuda ya sayar da kayan sana'arsa, bai rage komai ba. Da rana Raihanatu lafiya lau take, har ta tsokane shi. Rana na faɗuwa sai idonta ya tsaya, ta fara waƙar. Shi dai ya zauna gefenta, tausayi na cin sa, yana bin baitocin har ƙarshe, yana roƙon Allah kada yau ta koma farko.