Amsar da Abba Yake Jira

A ɗakin taron jami'a suka fara haɗuwa, ranar da ɗalibai suka haska wani fim na kimiyya. Labarin wata injiniya ne a tashar bincike ƙarƙashin teku. Duk lokacin da ruwa ya fasa bango ya cinye ta da abokan aikinta, sai wata na'ura ta mayar da ita safiyar ranar, ita kaɗai take tuna abin da ya faru.

Ana kunna fitila wani saurayi da ke zaune bayan wata ɗaliba ya ce, "Da ni aka ba, da na yanke rabinsa. Mutuwa ɗaya ake ta maimaita mana."

Ɗalibar ta juyo ta dube shi sama da ƙasa. Tana shekarar ƙarshe a karatun lauya, ba ta saba barin magana ta wuce ta ba.

"Malam, ai maimaicin shi ne fim ɗin. Kullum tana ɓoye wa abokan aikinta haɗarin don kar su firgita, kullum suna mutuwa. Sai ranar da ta buɗe baki ta faɗa musu sannan suka ga gobe. In ka yanke faɗuwarta, me za mu yi da nasararta?"

Ya yi murmushi. "Yanka sana'ata ce. Tace finafinai nake yi, in yanke in haɗa."

"Allah ya raba mu da almakashinka."

Tun ranar ta sa masa Almakashi, shi kuma yake ce mata Lauyata.

Da ta gama karatu ya je gaida mahaifinta. Abba tsohon alƙali ne, kullum yana falo da jarida a hannu. Ya ɗago ya ce, "Yaro, mece ce sana'arka?" Ya saurari amsa, ya ce, "To, a gaida gida." Ya koma karatunsa.

Almakashi ya sake zuwa da sabon ɗinki. Tambayar nan dai, sallamar nan dai. Ya zo da kawunsa, ba ta sauya zani ba.

"Lauyata," ya rubuto mata, "na faɗa cikin fim ɗinki. Falo ɗaya, jarida ɗaya, ruwa ya cinye ni."

Ta yi dariya, amma abin ya dame ta. Ta ɗauka fim ne Abba ya raina. Ga gwaggonni sun sa ta gaba, wai ga likita, ɗan aminin Abba, yana ta sintiri, ita ta nace wa mai zaman gaban kwamfuta. Ta shanye duka. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ba ta kuma fita wurin likitan ba.

Wani zuwan sai ta karɓi tiren ruwa daga hannun Umma, ta tsaya bayan labule.

"Yaro, mece ce sana'arka?"

"Harkar sadarwa ce, Abba."

Ta juya da tiren, ranta a ɓace. Da yamma ta tambayi Umma amsar da Almakashi yake ba Abba a baya. Wai aikin kwamfuta, wai kamfani. Umma ta rage murya: "Abbanki ya ce zuwa ɗaya ya rage masa. Daga nan kar ya ƙara taka gidan nan."

Ta daina ɗaga wayarsa. Saƙonni suka yi ta shigowa.

"Lauyata, me na yi? Ko likitan ne?"

Wannan ce ta sa ta amsa.

"Kar ka kuskura ka haɗa ni da likita. Ni ina nan ina shan gori a kanka, kai kana falonmu kana tace kanka. Kunyar aikinka kake ji?"

"Tsoro nake kar ya ji fim ya hana ni ke."

"Ita ma injiniyar tsoro take. Ka tuna sau nawa suka mutu. Ba zan yi aure ba da albarkar Abba ba, ba kuma zan auri wanda na ji yana yanke gaskiya ba. Gobe ce ta ƙarshe."



Washegari hantsi ya wuce, ba shi ba labarinsa. Ta share ɗakinta, ta sake sharewa. Sai ta ji sallamarsa. Ta laɓe bayan labule.

"Yaro, mece ce sana'arka?"

Ta rufe ido.

"Tace finafinai nake yi, Abba. Ni nake yankewa in haɗa. Da shi nake ci, da shi nake riƙe mahaifiyata. Ina kuma son aikin."

Ta ji an naɗe jarida.

"Na sani tun kafin ka san ƙofar gidan nan," in ji Abba. "Likita ya kawo min labarin da gudu, yana zaton ya gama da kai. Fim bai burge ni ba, har gobe. Amma na tsufa a kan kujera ina sauraron masu faɗin rabin magana, ba zan ba ɗayansu 'yata ba. Ka turo manyanka." Ya ɗaga murya. "Ke kuma mai laɓe, ƙafarki ta leƙo. Kawo wa baƙo ruwa."

Ranar ɗaurin aure Abba ya haɗa hannayensu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman gaskiya." Sannan ya nuna ango da yatsa. "Bidiyon bikin nan, ban yarda a yanke min komai ba."

"Ko inda amarya ta yi kuka, Abba?"

Ta share hawaye ta harare shi. "Musamman wurin, Almakashina."