Layin Dogo

Manhajarmu ta kyauta ce, kowa na iya sa hannu. Injin da ke gwada ta ya kafe a ja, alamar matsala, tun ranar da na goge sunan Dogo, abokin aikina da muka binne, daga fayil ɗin saitin manhajar.

Da dare ina ofis ni kaɗai, sai wani ya jawo kujera kusa da ni, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Matsa, gwani," in ji shi.

Yatsunsa na bin madannai, amma ba ƙara. Allon kwamfutar ya koma kore.

"Malam, me ka gyara?" na tambaya.

"Suna ɗaya na goge, yadda ka koya mini."

Na kalli gilashin taga. Dogo ne kaɗai a ciki, kusa da kujerata wayam.