Injin da Ya Kwana a Ƙarƙashin Ruwa

Ku matso. Kai Ɗanjimma, kashe tocilan nan, ba kifi muke nema ba. Wanda ya san shi matsoraci ne ya tashi tun yanzu, don ba zan raka kowa fitsari ba.

Kun san Kawu Arzika na tungarmu. Kuna ganinsa shiru-shiru, to da ba haka yake ba.

A shekarar da nake ba ku labari, matarsa Kuluwa tana da tsohon ciki. Matarsa ta fari kuwa a tsakiyar ruwa ta rasu, tana naƙuda, shi yana tuƙi da filafili zuwa asibitin Yawuri. Tun ranar ya rantse ba zai ƙara ɗaukar mai naƙuda a jirgin da ba inji ba. Amma sabon inji ba na talaka ba ne. Ko na hannu ma ya fi ƙarfinsa.

Sai ya samu wani a bayan kasuwa, jingine da bango, an rufa masa buhu. Duk ya yi tsatsa, laka ta bushe a jikin farfela. Mai shi ko ciniki bai tsaya yi ba, abin da Kawu ya taya ya sallama. Wannan kaɗai ya isa mutum ya sha jinin jikinsa. Kawu murna ta rufe masa ido.

Ya kinkima ya kai wa Baba Bagudu makanike, a bakin kwata inda jirage ke tsayawa. Baba Bagudu ya kwance kafireta, ya zazzago yashi. Ya buɗe wani wurin, sai ga 'yan ƙananan katantanwa. Ya ɗago ya dube shi.

"Arzika, injin nan ya kwana a ƙarƙashin ruwa."

"Zai tashi?"

"Zai tashi. Ba wannan nake gaya maka ba. Da mutane ya nutse."

Kawu ya ce shi dai a gyara masa.

"Zan gyara maka. Amma ka san ƙa'ida. Ranar da za ka fara sa shi a ruwa, ka cika jirgin da mutane maƙil. Kada ka bar gurbi ko na zaman yaro."

Haka aka yi ta fama. Yau fulogi, gobe igiya, jibi a jiƙa wani ƙarfe a kalanzir. Duk kifin da Kawu ya kama, a cikin injin nan yake ƙarewa. Ran da ya tashi a cikin duron ruwan da ake gwada shi, ya watsa musu ruwa, ya turnuƙe rumfar da hayaƙi, Kawu har rawa ya taka. Suka ɗaura shi a bayan jirgi. Aka ce sai ranar kasuwa, mutanen tunga su cika shi a koma gida.

Ba a kai ranar kasuwar ba. Washegari da rana tsaka wani mai kifi ya iso daga tunga, ya ce Kuluwa tana kan gwiwa tun asuba, abu ya ƙi. Lokacin ba waya. Rana ta take, kwata ba kowa, Baba Bagudu ya tafi cin abinci. Wa zai tsaya neman mutane? Kawu ya faɗa jirgi ya ja igiya. Bugu ɗaya inji ya ɗauka.

Ku dare kuke tsoro, don ba ku san tsakar rana a kan ruwa ba. Ba iska. Ba tsuntsu. Ruwa ya kwanta luf.

Ya yi nisa, gaɓa ta ɓace, sai ya hangi mutum tsaye a kan wani tudun yashi, yana ɗaga hannu. Kawu bai yi niyyar tsayawa ba. Injin ne ya rage gudu da kansa.

Dattijo ne, da farar riga, da ƙunshin kaya a ka. Rigarsa a bushe take ƙamas. Amma daga ƙafafunsa ruwa ke tsattsafowa, ba ya tsayawa. Yatsun sun yi fari sun yamutse, irin na wadda ta wuni tana wanki.

"Sannu direba. Mun daɗe muna jira."

Muryar kamar ta wanda ya sa kansa cikin tulu.

"Baba, sauri nake. Iyalina ce ba lafiya."

"Mu ma sauri muke. Ba mu ƙarasa ba."

Ya shigo ya zauna. Jirgi ya ɗan yi ƙasa. Dattijo bai ƙara motsi ba, amma jirgi ya sake yin ƙasa. Ya sake. Kawu yana kallon katakon zama suna lanƙwasawa, ɗaya bayan ɗaya, ba kowa a kai. Wani ya yi tari. Wata ta ce, "Matsa mini." Kaza ta yi kuka a cikin kwando, alhali ba kaza, ba kwando. Ruwa ya taso har ya kusa bakin jirgi.

Wallahi ko yanzu da nake faɗa, tsikar jikina tashi take.

Kawu ya karkata hannun inji wajen tunga. Ya ƙi. Ya sa hannu biyu, ya danna da ƙirji. Jirgi ya miƙe yamma, wajen wata tsohuwar kwata da aka daina zuwa. Ya fizge tiyon mai. Inji bai mutu ba.

Nan ya fashe da kuka, ƙato da shi.

"Don Allah, bayin Allah! Matata za ta mutu. Na riga na rasa ɗaya a ruwan nan."

Can sai muryar wata tsohuwa daga gaban jirgi, a hankali.

"Haihuwa ce?"

"Haihuwa ce, Inna."

"Wace tunga?"

Da ya sani, da ya kama bakinsa. Amma mutumin da hankalinsa ya tashi, ina! Ya faɗa mata. Har sunan Kuluwa ya faɗa.

Sai ya ji tsulum, kamar an jefa dutse a ruwa. Gaban jirgi ya ɗan ɗago.

Sauran ya kai su. A tsohuwar kwata suka sauka, jirgi yana tasowa kaɗan-kaɗan, sawun ƙafa yana bayyana a laka, manya da ƙanana. Dattijon ne na ƙarshe. Ko waiwaye bai yi ba. Yana taka ƙasa inji ya mutu.

Da filafili Kawu ya dawo. Sai da rana ta yi ja ya iso tunga, tafin hannunsa duk ya fashe. Tun daga bakin ruwa ya ji kukan jariri. Ya faɗi ya yi sujada a cikin laka, sannan ya ruga ɗaki.

Kuluwa na kwance, ta galabaita, amma tana murmushi. Ga jaririya a gefenta.

"Allah ya saka wa tsohuwar da ka aiko," in ji ta. "Tana shigowa ta fitar da kowa. Hannunta sanyi ƙalau, amma tana taɓa ni na sauka."

Ta ɗago ta dube shi.

"Ba ku gamu a hanya ba? Ta tafi yi wa namijin wanka a bakin ruwa."

"Wane namiji?"

"Hassan mana. Ai biyu ne."

Matan da ke ƙofar ɗaki suka rantse sun ga shigarta, ba su ga fitarta ba. Duk tunga aka fito, da jirage da taru. Aka kira, aka lalube ciyawa, masu nutso suka nutsa har suka gaji. Ba tsohuwa, ba yaro.

Jaririyar ita ce Usaina, wadda kuke tsokana don ba a barinta zuwa wanki. Ku daina, ba na so.

Yanzu ku buɗe kunnuwanku. Komai saurinku, kada wanda ya ƙetare ruwan nan shi kaɗai da rana tsaka. In kuma murya ta tambaye ku gidanku, ba ku ga mai ita ba, ku yi gum.

Ku tashi ku kwanta. Wanda ya kai wa Usaina labarin nan, ni da shi ne. Ita dai, ce mata aka yi ɗan'uwanta ya koma ranar haihuwa. Har kabari aka nuna mata, tana zuwa tana share shi, kuma ba kowa a ciki.